Ɓargo, gonar jini

1. Mu duba da idonmu

Ranar kasuwa, ku je wurin mahauta. Ku roƙi ƙashi iri biyu: dogon ƙashin ƙafar sa, da haƙarƙarin ɗan rago. Ku ce a sare muku su da gatari. Ku kawo su aji, mu duba tare.

Ku fara da dogon ƙashin. Bayansa tauri gare shi kamar dutse, amma cikinsa rami ne. Me ke cikin ramin? Wani abu ne mai laushi, mai maiƙo, launinsa ruwan ɗorawa. Kowa ya san shi, don kowa ya taɓa tsotsar ƙashi cikin miya. Sunansa ɓargo.

Yanzu ku duba haƙarƙarin. Cikinsa ƙananan ƙofofi ne barkatai, kamar soso, launinsu ja. Wannan jan abin shi ma ɓargo ne. Ke nan ɓargo iri biyu ne: akwai mai kitse, akwai ja.

Jikin mutum haka yake. Babban mutum yana da ƙashi 206. Lokacin da aka haifi jariri, ɓargonsa duka ja ne. In yana girma, na cikin dogayen ƙasusuwa sai ya riƙa komawa kitse. Jan ɓargo ya saura cikin ƙashin ƙugu, da ƙashin ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙoƙon kai.

Ku lura da rubutu da faɗi. *Bargo* shi ne abin da muke lulluɓa da shi lokacin ɗari. *Ɓargo* shi ne na cikin ƙashi. Ƙugiya ɗaya ta raba su.

2. Aikin ɓargo

Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5. In aka sa ɗigon jini ƙarƙashin madubin likita, sai a ga ruwa ne da ƙananan ƙwayoyi suna yawo a ciki. Ƙwayoyin iri uku ne.

Na farko su ne jajayen ƙwayoyi. Su ne masu dako. Suna ɗauko iskar da muka shaƙa daga huhu, su kai ta ko'ina cikin jiki. Siffarsu kamar faifai, da ɗan loɓawa a tsakiya. Laushi gare su, suna lanƙwashewa su wuce cikin hanyoyin jini waɗanda suka fi gashin kai siranta. Cikin ɗigon da bai fi kan allura ba, akwai su wajen miliyan 5.

Na biyu su ne fararen ƙwayoyi. Su ne dogarai. In ƙwayar cuta ta shigo jiki, su ke tare ta, su yaƙe ta.

Na uku su ne masu toshiya. In ka yanke, su ke taruwa bakin ciwon, jini ya daskare, ya bar zuba.

Waɗannan ƙwayoyi ba su daɗewa. Jar ƙwaya kwana 120 take yi, ta mutu. Mai toshiya ba ta wuce kwana 10. To, me ya sa jininmu ba ya ƙarewa? Don akwai inda ake yin sabo dare da rana. Wurin nan shi ne jan ɓargo. A cikinsa akwai waɗansu ƙwayoyi da muke kira ƙwayoyin iri. Su ke haifar duk iri ukun nan, kuma suna haifar irin kansu, don kada iri ya ɓace. Cikin daƙiƙa ɗaya tak, ɓargon babban mutum yana fitar da jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2.

Shi ya sa muka ce ɓargo gonar jini ne. Manomi yana cin hatsi, yana ajiye iri. Jiki yana aiki da jini, ɓargo yana riƙe da iri.

3. In gona ta lalace

Gona takan lalace. Ɓargo ma haka.

Wani lokaci yakan bar aiki gaba ɗaya, kamar gonar da fari ya kama. Mutum ya yi fari fat, ya rasa ƙarfi, jini ya riƙa zuba daga hanci da dasashi.

Wani lokaci yakan haifi fararen ƙwayoyi marasa amfani, masu yawan gaske, su cika wuri kamar yadda ƙuduji ke cinye gonar hatsi. Wannan ita ce sankarar jini.

Ciwo na uku shi ne wanda muka fi sani a ƙasarmu: amosanin jini. Waɗansu suna ce masa sikila, waɗansu emasi. Ɓargon mai wannan ciwo yana aiki, amma jajayen ƙwayoyin da yake yi ba su da ƙwari. In iska ta yi musu kaɗan, sai su ƙage, su tanƙware kamar lauje. Ƙwaya mai siffar lauje ba ta iya wucewa cikin siririyar hanya. Sai ta maƙale, waɗansu su taru bayanta, hanya ta toshe. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi: a ƙafa, a hannu, a baya, a ciki, a ƙirji. Kuma ƙwayar ba ta kai kwana 120. Tsakanin kwana 10 da 20 ta mutu. Don haka kullum jinin yaron kaɗan ne, yana saurin gajiya, idonsa yakan yi ruwan ɗorawa.

Amosanin jini gadonsa ake yi. Kowane mutum yana karɓar iri biyu na jan jini, ɗaya wurin uba, ɗaya wurin uwa. Irin da ke lafiya ana rubuta shi A, mai lauje ana rubuta shi S. Mai AA lafiya lau yake. Mai AS shi ma lafiya yake, amma yana ɗauke da irin, yana iya ba ƴaƴansa. Mai SS shi ke da ciwon. In uba AS ne, uwa ma AS, kowane ciki ana iya samun SS, sau 1 cikin 4.

A Nijar, cikin mutum 4 ko 5, ɗaya yana ɗauke da S. Dalilin yawansa shi ne, yaro mai AS ya fi jure masassarar cizon sauro, saboda haka irin ya yaɗu inda sauro ke da yawa. Kowace shekara ana haihuwar jarirai fiye da dubu 300 da ciwon nan a duniya, mafi yawansu a Afirka.

4. Abokinmu Sani

Mu ɗauki misali. A ce a ajinmu akwai yaro mai suna Sani, shekararsa 11, mai SS. Abokansa biyu ne, Isuhu da Lawali. Unguwarsu ɗaya, tare suke zuwa makaranta.

Da safe lokacin hunturu, Isuhu yakan biya gidan su Sani. In ya gan shi da ƴar riga shara-shara, sai ya ce: «Koma ka ƙara riga, muna jiranka.» Ya san ɗari yana tayar da ciwon. Lawali kuwa shi ke tuna masa gorar ruwa. Ko lokacin darasi ne, malam ya yarda Sani ya sha ruwa, ya fita fitsari, ba sai ya roƙa ba.

Lokacin hutu ana buga ƙwallo. Ba a bar Sani gindin bedi shi kaɗai ba. Wani lokaci shi ke tsaron gida, wani lokaci shi ne alƙalin wasa. In ya gaji ya zauna, ba mai yi masa dariya. A wurin dara kuwa, ba mai cinye shi duk ajin. Da damina, in yara za su wanka a tabki, abokansa sukan ce masa ya tsaya bakin ruwa ya tsare musu riguna, don ruwan sanyi abokin gabansa ne. In hadari ya taso, tare suke gaggawar komawa gida kafin ruwa ya dake shi.

Wata rana wani baƙon yaro ya shigo ajin. Da aka zauna shan hura, ya ƙi karɓar ludayi daga hannun Sani. Ya ce:

— An ce ciwonsa na iskoki ne. Ina tsoron in ɗauka.

Lawali ya kai magana wurin malam. Malam ya tara su, ya ce:

— Kai yaro, tsawonka wurin wa ka samo shi?

— Wurin babana, Malam.

— In Isuhu ya sha hura da ludayinka, zai yi tsawonka?

— A'a, Malam.

— To, ciwon Sani haka yake. Gado ne, ba a ɗaukarsa a ludayi, ko a tabarma, ko a gaisuwa. Ba iskoki ba ne, ba maita ba ce. Kuma ba laifin innarsa ba ne ita kaɗai, ko na babansa shi kaɗai. Kowanensu ya ba da rabi, ba da saninsa ba.

Ranar da ciwo ya tashi, Sani yakan yi kwana 5 ko mako guda bai zo aji ba. Da la'asar abokansa sukan je gidansu. Su durƙusa su ce: «Inna, ina wuni? Yaya mai jiki?» Su zauna kusa da shi, su ba shi labarin abin da aka yi, su kwafe masa darasi cikin littafinsa. Shi ya sa bai taɓa maimaita aji ba.

5. Dashen ɓargo

Magungunan da ake ba Sani suna rage ciwo, suna tsare shi daga cututtuka. In jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, akan ƙara masa jini. Amma jinin da aka ƙara aro ne: bayan ƴan makonni ya ƙare, ɓargonsa kuma yana nan yana yin ƙwayoyi masu lauje. Kamar a ba mutum tiyar hatsi ne, alhali irin da ke rumbunsa ba shi da kyau.

Me zai hana a sake masa iri? Likitoci sun gano yadda ake yi. Ana kiran aikin dashen ɓargo.

Ku tuna yadda masu albasa suke yi a Galmi. Suna yafa iri wuri ɗaya. In ya tsiro, su cire, su kai fangalin da aka share, su dasa. Dashen ɓargo haka yake tafiya. Da farko ana ba majinyaci magunguna masu ƙarfi, kwanaki kaɗan, don a share tsohon ɓargonsa. Sannan a kawo ƙwayoyin iri na wani mutum mai lafiya, a sa masa ta jijiya, kamar ƙarin jini. Ba a fasa masa ƙashi. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini, su sami hanyar cikin ƙashi, su zauna. Bayan mako 2 zuwa 4, sai su fara haifar sabon jini.

Waɗannan makonni su ne masu hatsari. Tsofaffin dogarai sun tafi, sababbi ba su iso ba. Ƙaramar cuta tana iya kashe majinyaci. Don haka ake ajiye shi ɗaki mai tsabta ƙwarai, mai shiga sai ya wanke hannu, ya rufe baki da hanci.

In dashe ya kama, jinin da ke gudu cikin jikin majinyaci ya zama irin na wanda ya ba shi ɓargo. Ciwon ya bar tashi. In yaro ne ƙarami, kuma ɗan'uwansa da suka dace ne ya ba shi, cikin yara 10 wajen 9 suna warkewa.

Amma a san gaskiya. Aikin yana da tsada ƙwarai, yana son babban gidan likita mai kayan aiki na musamman. Wani lokaci dashen ba ya kamawa. Wani lokaci sababbin dogarai sukan juya su yaƙi jikin da aka kai su. Magungunan sharewa kuma suna iya hana haihuwa nan gaba. Saboda haka ba kowane mai SS ake yi wa dashe ba. Likita da iyaye su ke auna amfani da hatsari.

6. Wa zai iya bayarwa?

Mu koma ga misalinmu. A ce Isuhu ya raka Sani gidan likita, ya ji ana maganar dashe. Ya ce:

— Likita, ni abokinsa ne tun muna ƙanana. A ɗebi nawa a ba shi.

Likita ya yi murmushi, ya ce:

— Allah ya yi maka albarka, yaro. Amma ɓargo bai san abota ba, alama ya sani.

Ga abin da likita ke nufi. A jikin ƙwayoyin kowane mutum akwai waɗansu alamomi, kamar tsagar gado da ake gane dangi da ita. Likitoci suna kiransu HLA. Dogaran jiki da su suke gane ɗan gida da baƙo. In alamomin mai bayarwa da na mai karɓa sun bambanta, faɗa ya tashi. Kada ku haɗa su da rukunin jini, wato A, B, AB da O. Mutum biyu suna iya zama rukunin jini ɗaya, alamominsu kuwa sun sha bamban.

Alamomin nan ma gadonsu ake yi. Uba yana da ƙunshi biyu, ya ba ɗansa ɗaya. Uwa tana da ƙunshi biyu, ta ba da ɗaya. Ke nan hanya 4 ce ake iya haɗa su. Shi ya sa in yara uwa ɗaya uba ɗaya ne, sau 1 cikin 4 alamominsu ke dacewa duka. Ƴan uba, da ƴaƴan kawu, da ƴaƴan gwaggo, dacewarsu ta fi wuya. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. A nan maganar ta fito fili.

Ɗan'uwan da ya dace, ko AA ne ko AS, yana iya bayarwa. Mai SS ba ya bayarwa. In mai bayarwa yaro ne, sai da yardar iyayensa, kuma sai an bayyana masa abin da za a yi.

Cikin majinyata 10 masu neman dashe, wajen 7 ba su da ɗan'uwan da ya dace. Su kuwa sai a nema musu cikin mutanen duniya. Ƙasashe da yawa suna da rajista, inda manya masu lafiya ke ba da sunansu, a auna alamominsu, a ajiye. In wani majinyaci ya dace da ɗayansu, sai a kira shi. Yau mutum fiye da miliyan 40 ke cikin waɗannan rajistoci. Sai dai ƴan Afirka kaɗan ne a ciki, alhali mutum ya fi dacewa da wanda kakanninsu suka fito wuri ɗaya, kuma alamomin ƴan Afirka sun fi na kowa yawan iri. Saboda haka baƙar fata ya fi shan wahalar samun mai ba shi.

7. Yadda ake bayarwa

Hanya biyu ce.

Ta farko: a sa mai bayarwa barci da magani. Likita ya soka allura cikin ƙashin ƙugu ta baya, ya zuƙo jan ɓargo. Aikin awa 1 ne ko 2. Abin da ake ɗiba kaɗan ne daga cikin wanda yake da shi. Ya tashi yana jin tsamin ƙugu kwanaki kaɗan, kamar wanda ya faɗi.

Ta biyu: a yi masa allura kwana 4 ko 5, wadda ke sa ƙwayoyin iri su fito daga ƙashi su shiga jini. Sannan ya zauna awa 4 ko 5, jininsa yana fita ta hannu ɗaya, ya bi cikin wata na'ura. Na'urar ta tsince ƙwayoyin iri, sauran jinin ya koma masa ta ɗaya hannun.

Mutane da yawa suna jin tsoro, suna cewa mai bayarwa zai shanye. Kuskure ne. Sun haɗa ɓargo da laka. Laka ita ce farar igiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya, ita ke kai saƙo ga hannuwa da ƙafafu. Da Faransanci sunayensu sun yi kama: ɓargo *moelle osseuse*, laka *moelle épinière*. Hausa kuwa ta raba su sarai. Wurin ba da ɓargo ba a taɓa laka ko kaɗan.

Kuma ɓargo yana tohowa. Cikin ƴan makonni jiki ya mayar da abin da aka ɗiba, kamar zogale da aka tsinki ganyensa.

8. Ɗan tarihi

A 1957, wani likitan Amurka, Donnall Thomas, ya ba da labarin gwajinsa na farko na sa wa majinyata ɓargo ta jijiya. Ya yi shekaru yana faɗuwa yana tashi. A 1990 aka ba shi kyautar Nobel.

A 1958, hatsari ya auku a wata ma'aikatar nukiliya ta ƙasar da ake kira Yugoslabiya a lokacin. Ɓargon ma'aikata ya ƙone. Aka kai su Pari, likita Georges Mathé ya yi wa 5 dashe. Faransawan da suka ba da ɓargonsu ba su taɓa sanin mutanen nan ba. Baƙon ɓargon ya riƙe su har nasu ya farfaɗo; 4 suka rayu. A shekarar nan kuma, Jean Dausset, shi ma Bafaranshe, ya bayyana ta farko cikin alamomin HLA.

A 1968, a Amurka, aka warkar da wani jariri da ɓargon yayarsa, bayan an auna alamominsu an ga sun dace.

A 1974, a Landan, wata uwa mai suna Shirley Nolan ta kafa rajistar masu ba da ɓargo, tana neman wanda zai dace da ɗanta Anthony. Ba a samu ba, yaron ya rasu a 1979. Amma rajistar tana nan da sunansa, ta ceci dubban mutane.

A 1984 aka ba da labarin wata yarinya a Amurka mai sankarar jini da amosanin jini tare. An yi mata dashe saboda sankarar, sai aka ga amosanin ma ya tafi. Daga nan likitoci suka tabbata dashe yana warkar da shi.

A 2011, a asibitin koyarwa na birnin Benin, kudancin Najeriya, aka yi wa wani yaro mai SS dashe da ɓargon wansa. Shi ne na farko a ƙasar.

9. Rabon aboki

Ɓargon Isuhu bai dace ba. To, ba shi da abin bayarwa ke nan? Yana da shi. Dashe sau ɗaya ake yi, mutum kaɗan ke samunsa. Abota kuwa kullum ake bukatarta. Masu SS da yawa, in an kula da su, suna girma, su yi karatu, su yi sana'a, su yi aure. Ga rabonku tun yanzu:

- Ku tuna wa abokinku shan ruwa, tun ba lokacin bazara ba.
- Ku tsare shi daga ɗari, da dukan ruwan sama, da aikin da ya fi ƙarfinsa.
- In ciwo ya tashi, ku gaya wa malam nan da nan. A ba shi ruwa, a lulluɓe shi, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Kada a sa ruwan sanyi.
- Ku san alamun hatsari: masassara, ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, tafin hannu ya yi fari, ciki ya kumbura, hannu ko ƙafa su mutu, baki ya karkace. In an ga ɗaya, a kai shi gidan likita ba jira.
- Kada a yi masa tsaga ko ƙaho. Jininsa bai kai a zubar ba.
- Ya kwana cikin gidan sauro kowane dare.
- Kada ku laƙa masa suna, kada ku ce da shi raggo.

In kun girma, rabonku ya ƙaru. Mai shekara 18, mai lafiya, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya ba da jini. Ana karɓa a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ɓargo kuma ya mayar da shi. Ku je a auna ku, kowa ya san ko AA ne, ko AS, tun kafin maganar aure. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da amosanin jini. In kuma wata rana likita ya ce ɓargonku ya dace da na ƙanenku, ko na wani da ba ku sani ba, kun riga kun san abin da ake nema, ba sauran tsoron laka.

Ranar 19 ga watan Yuni ita ce ranar amosanin jini ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da ita a 2008.

Abin riƙewa

Jan ɓargo shi ke yin jini. In ya lalace, ana iya dasa na wani. Sai wanda alamominsa suka dace ke bayarwa, galibi ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya. Mai bayarwa ba ya shanyewa, ɓargonsa yana tohowa. Amosanin jini gado ne, ba a ɗaukarsa. Kula da aboki mai ciwo aikin kowa ne.

Kalmomi

- *majinyaci*: marar lafiyar da ake jinya.
- *dashe*: cire tsiro daga wuri a kafa shi wani wuri.
- *fangali*: ƙaramin yanki na lambu da aka kewaye don ban ruwa.
- *rajista*: littafi ko na'ura inda ake ajiye sunaye.
- *toho*: sabon tsiro bayan an yanke ko an tsinka.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasusuwa ake samun jan ɓargo a jikin babba?
2. Faɗi iri uku na ƙwayoyin jini da aikin kowane.
3. Me ya sa mai SS yake jin ciwo?
4. Mene ne bambancin ƙarin jini da dashen ɓargo?
5. Don me likita bai karɓi ɓargon Isuhu ba?
6. Wani ya ce maka mai ba da ɓargo zai shanye. Me za ka gaya masa?

Lissafi

1. Ɓargo yana yin jajayen ƙwayoyi miliyan 2 cikin daƙiƙa ɗaya. Nawa yake yi cikin minti ɗaya?
2. Jar ƙwaya mai lafiya tana yin kwana 120, mai lauje kwana 20. Sau nawa ta farko ta fi ta biyu daɗewa?

Aikin hannu

Ku sami ƙoƙo biyu. Na farko shi ne uba: ku sa wake ɗaya da gyaɗa ɗaya. Na biyu shi ne uwa: ku sa masara ɗaya da tsakuwa ɗaya. Yaro ɗaya ya rufe ido, ya ɗauki abu ɗaya daga kowane ƙoƙo. Ku rubuta abin da ya samu a allo: wannan shi ne majinyaci. A mayar. Sauran yara su ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ana mayarwa, har sau 40. Sau nawa aka sami daidai da na farko? Ku kwatanta da 1 cikin 4.

Rubutu

Abokinka ko ƙawarki na kwance gidan likita mako biyu. Rubuta wasiƙa ta layi 10, da labarin abin da aka yi a aji da unguwa.